Kutse Da 'Yan'uwansa A Ƙasar Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Akwai kalmomi waɗanda a kan daɗe ana jin su a bakin jama'a ba a san nauyinsu ba, sai ran da aka gurfana gaban alƙali, ya ce wa mai ƙara ya faɗi abin da aka yi masa da sunansa. Kutse yana cikin irin waɗannan kalmomi. A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, watau gefen Jihar Katsina da ya yi iyaka da Zamfara da Birnin Gwari, manomi yana faɗinta, makiyayi yana faɗinta, ɗan sanda yana rubuta ta, mai karanta labarai a rediyo kuwa ba ya kwana biyu bai ambace ta ba. Amma da za a tara su huɗun a zaure guda, a tambaye su abin da su ke nufi, da wuya bakinsu ya zo ɗaya.

Kalmar Hausa ce, ba aro ba ce daga Larabci. Tushenta kutsa, watau mutum ko dabba ya tura kansa da ƙarfi cikin wurin da ba a bar masa hanya ba. A kan ce maharbi ya kutsa sarƙaƙiya, akuya ta kutsa danga, yaro ya kutsa kai cikin taro don ya ga 'yan dambe. A rubutun ajami baƙaƙen tushen kutsa da kutse ɗaya ne, kaf da tsa mai ɗigo uku, wasalin ƙarshe ne ya raba su. Kutsawa ba lalle ta zama laifi ba, gama maharbi bai cuci kowa ba da ya shiga ƙaya. Kutse kuwa, da an faɗe shi an riga an yi zargi: akwai mai wuri, akwai wanda ya shiga, ba a kuwa kira shi ba. Wanda ya sa baki cikin maganar da ba tasa ba, a kan ce ya yi shisshigi, ko katsalandan, ko ya shiga sharo ba shanu. Wanda ya je walima ba a gayyace shi ba ɗan gayyar soɗi ne, dariya a ke yi masa, ba a kai shi ƙara. Kutse ya fi waɗannan duka nauyi, domin shi muhallin mutum ya ke taɓawa.

Malamai sun ƙara wa Hausa waɗansu kalmomi daga littattafan fiƙihu, kamar haddi da hurumi da izini da ta'adi, suka zauna tare da na gida har ba a jin baƙuncinsu. A nan mai rubutu da kula ya kan yi hattara da kaf da ƙaf. Keta da kaf yagewa ce, kamar yadda a ke keta tufa. Ƙetare da ƙaf tsallakewa ce, kamar ta kogi. Ƙeta kuma mugun nufi. Wanda ya ƙetare iyaka, mai yiwuwa ne bai san da ita ba, amma wanda ya keta haddi ya gan shi sarai, ya yaga shi.

A gida ne abin ya fi fitowa fili, don ginin gidan Bahaushe da kansa yana faɗin inda baƙo zai tsaya. Zaure na kowa ne da ya yi sallama. Daga nan zuwa shigifa sai wanda mai gida ya jawo, tsakar gida kuwa ta mata ce da yara da muharramai. Har ɗan garuwa da ya saba kawo ruwa kullum ba ya wucewa sai ya ɗaga murya an kintsa. Asalin wannan yana cikin Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, inda aka hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, aka kuma umurci wanda aka ce wa ya koma da ya koma. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilmi ya ke farawa da ita bayan ƙananan littattafai, ta ƙayyade neman izinin sau uku. Saboda haka idan aka rubuta "Ba shiga" da gawayi a bangon zaure, ba sabuwar doka aka kafa ba, tuni ne. Wanda ya wuce ta ƙofa ba sallama ya yi kutse. Wanda ya bi ta katanga ko ya tsallake darni, Hausa ba ta ce masa ya kutsa kawai, sai ta ce ya haura, kuma duk wanda ya ji an ce an hauro gidan wane da dare ya san ba zumunci aka zo ba.

Gona ba haka ta ke ba, gama ba ta da zaure, ba kuma wanda zai tsaya a bakin kunya ya yi sallama sau uku. Mai tafiya ƙauye ya kan ratsa gonar wani ta 'yar hanyar ƙafa, ya tarad da mai ita yana noma, ya ce masa sannu da aiki, ba wanda ya ga laifi. Idan kaka ta wuce aka kwashe amfani, mata da yara su kan shiga kala. Da rani kuwa, a al'adar da aka gada, manomin ma shi ke roƙon Bafillace ya zo ya kafa ruga a gonarsa don taki, har ya haɗa masa da damin dawa. Ashe ƙafar saniya guda, a gona guda, cikin Agusta masifa ce, cikin Maris alheri. Lokaci ne ke mai da shiga ta zama kutse a gona, shi ya sa manomi ba ya cika amfani da kalmar idan dabba ta shigar masa. Abin da ya kan ce shi ne an yi masa ɓarna.

Hukuncin ɓarna daɗaɗɗe ne. Suratul Anbiya'i ta ba da labarin shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yi a kan tumakin da suka faɗa wa shuka da dare. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, aka hukunta cewa tsaron lambu da rana yana kan masu shi, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Risala ta tafi a kan haka. Muhtasar na Halil ya ƙara sharaɗi wanda ya fi shafar wannan ƙasa: ɓarnar rana ba ta da ramuwa ne idan an saki dabbobin nesa da gonaki, ba kuma makiyayi tare da su, in kuwa yana nan da sandarsa, abin yana wuyansa. Alƙalan En'e na Lardin Katsina da waɗannan littattafai su ke hukunci, har zuwa 1968 da gwamnati ta karɓe kotunan daga hannun En'e.

Amma mafi yawan ɓarna ba ta kan kai gaban alƙali ba. Manomi ya kan kora dabbobin zuwa ƙofar mai unguwa ko dagaci, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, shanu sun kwana a cikin dawata." A aika wa arɗo, a tashi dattawa biyu ko uku waɗanda suka san noma, su je su zaga gonar, su ƙiyasta dami nawa ya tafi. Arɗo ya roƙi ragi, dagaci ya ce wa manomi, "Malam, a duba zaman tare," a yanke abin da za a biya, a watse. Wurin da ya fi kawo gardama a wannan yanki shi ne auduga. Ƙasar Funtuwa da kewayenta ƙasar auduga ce tun zamanin Turawa, ita kuwa auduga ta kan kai Disamba, wani lokaci har Janairu, ba a gama ɗiba ba, alhali gero da masara sun daɗe a rumbu. Makiyayi ya ga karkara ta buɗe ya ce gona ta saku, mai auduga ya ce tasa ba ta saku ba. Kowa da gaskiyarsa, shi ya sa sanarwar ranar sakin gonaki ta ke aikin masu sarauta.

Akwai wani kutsen da ba ƙafa ke yin sa ba, garma ce. Sunansa cin iyaka. Manoma su kan shata tsakaninsu da gamba, ko aguwa, ko bini-da-zugu, ko wata bishiya da kakanni suka sani. Mai cin iyaka ba ya tumɓuke su rana ɗaya. Bana ya ƙara kunya guda, baɗi ya ƙara wata, bayan shekara biyar gambar da ke kan iyaka ta koma tsakiyar gonarsa, sa'an nan ya rantse nan ya gan ta. Maganar nan da kowa ke yi, wai wane ya wuce gona da iri, hoton wannan mutumin ce, mai shuka da ya kai ƙarshen gonarsa bai tsaya ba. Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya zalunci wani ko da taƙi guda na ƙasa, dattawa kuwa sun san shari'ar iyaka ta fi ta kuɗi daɗewa, gama 'ya'ya su kan gaje ta tare da gonar.

To, a nan ne Hausa ta yi son kai kaɗan. Idan saniya ta shiga gona, akwai suna a shirye, akwai mai ƙara, akwai dattawan ƙiyasi. Idan gona ta shiga burtali fa? Burtali da labi da mashaya da makiyaya su ma suna da iyaka, har a kan dasa musu aguwa dama da hagu. Amma ba su da mutum guda da zai ce nasa ne, saboda haka in aka ci su ba a cewa an yi kutse, sai a ce wane ya faɗaɗa gonarsa, ko ya yi sabon sara. Makiyayin da ya bar hanya mai faɗi da zai tafi kudu, ya komo ya tarad da ita ta tsuke har shanu biyu ba sa jerawa, in dabbarsa ta miƙa wuya ta ci zangarniya shi ne mai ɓarna, wanda ya shuka a kan hanyar kuwa shi ne mai ƙara. Ba wai magabata ba su san da wannan ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan yadda a ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da abin da ya ke hurumi wanda ba a mallaka. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya cikin 1965, aka kuma yi aikin kiwo a dajin Ruma da Kukar Jangarai. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Dokoki dai ga su nan, amma jama'a ta ƙaru, takin zamani ya rage wa manomi bukatar ruga, noman rani ya rufe fadamun da shanu ke sha, burtali kuwa ba ya zuwa ƙofar dagaci ya kai kuka.

Ma'anar da ɗan sanda ke nufi daban ce, daga littafi ta fito. Cikin 1959 Majalisar Jihar Arewa ta zartad da littafin dokokin laifuffuka wanda a ke kira Final Kod, ya fara aiki cikin 1960. An ɗauko tsarinsa daga na ƙasar Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. Sashe na 342 na wannan littafi ya bayyana kutsen da ya ke laifi, ya kuma rataya shi a kan abu biyu da mutane ba su cika lura da su ba. Na farko niyya: sai in an shiga don a aikata laifi, ko a tsorata mai wurin, ko a ci mutuncinsa, ko a fusata shi. Wanda ya shiga da izini, sa'an nan ya ƙi fita da irin wannan niyya, shi ma ya faɗa ciki. Don haka wanda ya ɓata hanya da dare ya tsinci kansa a garkar wani bai yi wannan laifi ba, baƙon da aka sallama ya zauna daram don ya ba mai gida haushi kuwa ya yi. Na biyu, dokar ba ta tambayi wane ne mai wurin ba, wanda wurin ke hannunsa ta tambaya. A ce mutum ya jinginar da gonarsa, bai biya kuɗin ba, damina ta faɗi, ya ɗebo 'ya'yansa suka shiga suna shuka don su kori wanda ke riƙe da ita. In ya ce, "Allah ya gafarta malam, gonar ubana ce," ba wanda zai musa masa, amma wannan ba ta fisshe shi, don ba mallaka a ke shari'a a kai ba. Hukuncin da littafin ya yanka wa kutse tsura shi ne ɗaurin da bai wuce shekara guda ba, ko tara, ko duka biyu. Daga nan ya yi ta hawa mataki mataki: shiga gida, shiga gida a ɓoye, fasa gida ta hanyar haura katanga ko huda bango ko buɗe kwaɗo, biyun ƙarshe kuma in da dare ne sun fi tsanani. Malaman Malikiyya su ma sun rarrabe: wanda ya ƙwace asalin abu da ƙarfi yana nufin ya mallake shi, gasabu ya yi, wanda ya ci amfaninsa kaɗai ba izini, ta'adi ya yi.

A 'yan shekarun nan kalmar ta sami wani sabon gida, har a kan ce masu kutse sun shiga asusun banki ko shafin wani a intanet. Aron ya dace, gama can ma akwai mai wuri, akwai ƙofa, akwai wanda ya shiga ba sallama.

Inda kalmar ta kasa shi ne abin da ya sami waɗannan ƙasashe uku da kansu. Dajin Rugu da na Kogo, waɗanda da can mai saran itace ke shiga a ɓoye don tsoron malamin daji, sun zama mazaunin 'yan bindiga. Cikin Satumba 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya tafi Dankolo ta ƙasar Sabuwa da kansa don zaman sulhu da su, sulhun bai yi ƙarko ba. Cikin Yuni 2020 aka faɗa wa Kadisau ta ƙasar Faskari aka kashe mutane da yawa. Ran 11 ga Disamba na wannan shekara aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da dare aka kora ɗalibai cikin daji, sai ran 17 ga wata aka sako yara 344. Idan aka ce 'yan bindiga sun kutsa makarantar, ba a yi ƙarya ba, amma kalmar da a ke faɗa wa akuya da danga ba ta ɗauki wannan kaya ba. Shi ya sa bakin mutane ya koma ga hari da farmaki da ta'addanci. Ta'addanci kuwa da ta'adin nan na littattafan fiƙihu tushensu ɗaya ne a Larabci, watau wuce iyaka.

Abin ya kai ga juyewa. A ƙauyuka da dama na yankin, manomi ne ya koma neman izini kafin ya shiga gonar da ya gada, a yanka wa gari kuɗin noma da na girbi, wanda ya je ba a biya ba shi a ke ɗauka mai kutse. Makiyayin da bai ɗauki bindiga ba shi ma ya ga kasuwar da ya saba ci ta zama wurin da ba ya iya takawa don tsoron 'yan sa-kai. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin waɗannan ƙananan hukumomi, cikin Satumba aka yanke layin waya na 'yan watanni. Mutane da yawa suka bar gidajensu da gonakinsu, suka koma Funtuwa da Malumfashi da Katsina da sauran garuruwa.

Wannan gudun hijira ya haifi wata shari'a wadda za ta daɗe tana zuwa gaban alƙalai. Gonar da aka bari ba ta zama haka nan, wani ya kan shiga ya noma ta, ko maƙwabci, ko ɗan'uwa, ko baƙo. Ran da mai ita ya komo ya ce an yi masa kutse, wancan zai ce ya shekara kaza yana noma ba wanda ya tanka. Abin da ya ke dogara da shi shi ne hauzi. A Tuhfa ta Ibn Asim da sauran littattafan Malikiyya, wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 yana aiki da ita aikin mai abu, yana kuma cewa tasa ce, ba a sauraron ƙarar wanda ya zo daga baya, in ba dangi ba ne. Tsakanin 'yan'uwa kuwa wa'adin ya fi haka nisa, ya kan kai shekara 40. Amma malamai sun gindaya sharuɗɗa. Sai mai ƙasar ya kasance yana nan, yana gani, ya yi shiru, ba kuma abin da ya hana shi magana. Wanda ba ya gari ba a lissafa masa shekarun, haka wanda tsoron mai ƙarfi ya rufe wa baki. Wanda kuma aka san ta hanyar aro ko haya ko jingina ko ƙwace ya shiga, daɗewa ba ta mai da gonar tasa.

Saboda haka mutumin Faskari da ya kwana shekaru a Funtuwa don gudun bindiga bai rasa gonarsa da wannan ba. Abin da zai wahalar da shi shaida ne. Gamba ta kan mutu, aguwa a kan sare ta, dattawan da suka san iyaka waɗansu sun rasu, waɗansu sun warwatsu. Wanda ya bar gonarsa a hannun wani, ya kamata ya faɗa gaban dagaci da shaidu biyu cewa aro ne, a rubuta, ko da ajami ne a bayan takardar haraji, a sa rana da shekara da sunayen maƙwabtan gonar ta gabas da yamma da kudu da arewa. Wanda ya riga ya tafi bai yi haka ba, ya aika wa mai unguwarsu tun waɗanda suka san gonar suna da rai.